Fargabar abin da bai zo ba tukuna

A ɗakin jira nakan ga mutum yana murza katinsa na asibiti har gumin hannu ya jiƙa shi. Sakamakon gwajinsa sai jibi zai fito, amma kwanansa uku bai runtsa ba. A ransa ya riga ya ji mummunan labari, ya yi jinya, har ya ga ana raba gadonsa.

Wannan fargaba a jiki take aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta cika bambance haɗarin da ke gabanka da wanda ka saƙa a zuci ba, sai ta sa jiki ya saki sinadarin adiranalin. Gaba ya yi ta faɗuwa, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kawai ke samun magani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce wa irin wannan mutum imaninsa ne ya yi rauni. Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsari daga "hammi" da "hazani" (baƙin ciki), malamai kuwa sun ce hammu shi ne damuwar abin da ke tafe. Da mumini ba ya shiga wannan hali, da me za a yi da addu'ar?

Sai dai a kula. Mai fargaba yakan ɗage ranar zuwa asibiti, ya ce ya bar wa Allah. Ranar zai ji sanyi a ransa, gobe tsoron ya dawo ya fi na jiya ƙarfi, don gudu shi ke ciyar da shi. Mai raƙumin nan na cikin hadisi cewa aka yi ya ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah. Naka ɗaurin shi ne ka je a ranar da aka sa maka.

Idan abin ya taso cikin dare, tashi zaune, ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali kana zikiri, har bugun ya lafa. In ya kai makonni yana hana ka barci ko aiki, zo mu zauna; akwai maganinsa, na tattaunawa da na sha. Ciwon ƙirji kuwa, kar ka yanke cewa fargaba ce sai an duba ka.