Shuɗin Musulmi a jikin tangaran ɗin ƙasar Sin

Me ya haɗa Musulmi da tangaran ɗin Sin mai fari da shuɗi?

Shuɗin kansa. A ƙarni na 14, zamanin daular Yuan a ƙasar Sin, maginan garin Jingdezhen sun gwanance wajen gasa farar ƙasa ta fito fes kamar ƙwai. Amma ma'adinin kobalt mai ba da shuɗi, wanda suke zane da shi, daga Farisa fatake ke kawo shi, daga yankin Kashan. Daga baya ma Sinawa suka riƙa kiran irin wannan shuɗi na waje "huihui qing", wato shuɗin Musulmi.

To, wa ya fara koyi da wa?

Nan ne labarin ya fi burge ni. Tun ƙarni na 9 fararen kwanukan Sin suke isa Iraƙi ta teku. Maginan Basra sun so yin irinsu, amma ba su da irin ƙasar. Sai suka lulluɓe yumɓunsu da farin shafe mai kuza a ciki, suka yi masa rubutu da shuɗin kobalt. Kwaikwayo suka tashi yi, sai ga sabon abu ya fito daga hannunsu.

Ta yaya mai kallo zai gane hannun Musulmi a jikin kayan?

Dubi girman farantin tukuna. Basine da ƙaramin kwanonsa yake cin abinci, amma a Jingdezhen an gina farantan da faɗinsu ya haura santimita 40, don mutanen da ke zagaye tire guda su sa hannu tare. A farkon ƙarni na 15 kuma suka kwaikwayi butoci da tasoshin tagulla na Masar da Sham, har da mazubin alƙalami. A zamanin Sarkin Sin Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, rubutun Larabci da Farisanci ya bayyana a kayan fada. A jikin wasu za ka ga harafi ya karkace, domin mai riƙe da burushin zana shi yake yi, ba karanta shi yake ba.

Ina kayan suke yau?

Fadar Topkapi a Istanbul tana ajiye da tangaran ɗin Sin iri-iri fiye da 10,000. A 1611 kuma Shah Abbas, sarkin Farisa, ya yi waƙafin nasa ga wani hubbare a garin Ardabil, yawancinsu yanzu suna gidan tarihi na Tehran.