Auna ɗan takarar shugaban ƙasa: tambayoyin da ake ta maimaitawa a fadojin Tawa

An rusa jam'iyyu a Nijar tun Maris 2025, amma gardamar zaɓe ba ta bar bakin butar shayi ba, kuma tambayoyin ba su canza ba. Ƙa'idojin da ke ƙasa na tsarin mulkin 2010 ne, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Wa ke iya tsayawa?

Ɗan Nijar na asali, mace ko namiji, mai shekara 35 aƙalla. Kotun tsarin mulki ke tantancewa a wancan lokaci. A 2020 ta amince da mutum 30, ta ƙi takarar Hama Amadou saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa.

An kawo mana atamfa da jikka biyu-biyu. In na karɓa, dole in zaɓe shi?

Wa ya shiga bayan labule da ke, Hajiya? Takarda guda ce mai hotunansu duka, ke kaɗai za ki dangwala. Abin gudu shi ne rantsuwa da barin katinki hannun ɗan kamfe wai zai ajiye miki. Kuma ki dangwala wuri ɗaya. Wasu don kunya sukan dangwala wa biyu, ƙuri'ar ta lalace, ba wanda ya samu.

Ai ɗan yankinmu ne, me ya rage?

Lissafi ya rage, Malam. Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne a Illela, Adar, wato ƙasar Tawa, ta riƙe shi tun 1993, amma sai 2011 ya shiga fada, bayan ya sha kaye a zagaye na biyu a 1999 da 2004. Ƙuri'ar jiha ɗaya ba ta naɗa shugaba.

Wanda nake so ba zai ci ba. In ba shi, ko in bi mai ƙarfi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba guda ba ce. Zaɓen 1993 da 1999 da 2004 da 2011 da 2016 da na 2020 duk sai da aka je zagaye na biyu. Tun 1993, na 1996 kaɗai aka gama a zagayen farko, shi ma bayan an rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya. Ke nan ƙuri'ar da ka ba na uku ko na huɗu ba ta faɗi ƙasa ba, jari ce da zai shiga ciniki da ita. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya, ƙawancen jam'iyyu mai suna AFC ya haɗu a bayan Mahamane Ousmane, ya kayar da shi. A 2011 goyon bayan Hama ya taimaki Issoufou a kan Seini Oumarou. A 2020 Mohamed Bazoum ya samu kashi 39 da ɗoriya, Ousmane kusan 17, sai Seini da Albadé Abouba suka bi Bazoum, ya gama da sama da kashi 55.

To amma a kula. Kai ka ba da jarin, shi zai yi cinikin, kuma ba zai tambaye ka ba. Yana iya kai ƙuri'arka gidan da ka fi ƙi. Saboda haka tun ana kamfe ka duba da wa ya taɓa zama, da wa ya ɓata, wa yake kauce wa suka a taronsa. Wanda bai taɓa sukar mai ƙarfi ba, galibi kujerar minista yake nema, ko da yake ba kullum ba. Kuma ƙawancen kansa ba ya daɗewa: na 1993 ya watse a 1994 da Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaba da gwamnati har sojoji suka shigo a Janairu 1996. Na 2011 ya tsinke a 2013. In ka tabbata inda zai dosa kuma ka yarda da wurin, ba shi. In ba ka tabbata ba, mai yiwuwa gara ka zaɓi wanda za ka iya jurewa cikin manyan biyu. Ko a zagaye na biyu ma, umarnin shugaban jam'iyya ba farilla ba ne.

Yaya zan gane alkawarin gaskiya?

Tambayi kuɗin daga ina, wata nawa, wa zai kula da shi bayan an yanke ƙyalle. Madatsar Kandaji tun 2008 aka aza harsashinta. Layin dogon Yamai zuwa Dosso an yi bikinsa a Janairu 2016, makonni kafin zaɓe. Je ka nemi tikiti.

Ɗana ya tafi biɗa Abijan, in jefa masa da katinsa?

A'a. Katin 2020 na da hotonsa. Zagayen farko ya faɗo 27 ga Disamba, bayan girbi, lokacin da samarin Adar sun riga sun watse, kuma 'yan ƙetare ba a yi musu rajista ba a waccan shekara.

Ai duk ɗaya suke, me zai sa in sha rana?

Kada ka sha. Sai dai sakamakon rumfarku za a rubuta shi da yamma, wakilan 'yan takara su sa hannu, ko ka zo ko ba ka zo ba.