Wuta ba ta cinye zaiba

An daɗe ana cewa a wuraren haƙar zinariya idan aka gasa dunƙulen zaiba da zinariya, zaibar ta ƙone ke nan. Dole a zaci haka, tunda ido bai ga inda ta shiga ba.

Gaskiyar ita ce tururi take zama, marar launi, marar wari. Huhu na zuƙe kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Sauran ya sauka kan tufafi, bango da ruwa, inda yara ke wasa.

Masu aikin na iya tabbatarwa: a gasa dunƙulen a fili, cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu zuwa ruwan sanyi. Zaibar za ta dawo ɗigo-ɗigo.

Don Allah ku tura wa masu wannan sana'a.