Majuyin kyamara mai inji

Majuyin kyamara mai inji na'ura ce da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da mazauninta mai ƙafa uku, tana juya kyamarar a hankali zuwa dama ko hagu yayin ɗaukar bidiyon taƙaita lokaci. Irin wannan bidiyo hotuna ne da ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan daƙiƙoƙi, sannan a jera su a kunna 24, 25 ko 30 cikin kowace daƙiƙa. Gajimare sai ya riƙa gudu, inuwa tana zamewa a ƙasa. In kyamarar na juyawa, mai kallo yakan ji kamar shi ke waiwaye.

Aikin duk lissafi ne. Wanda ke son kewaye digiri 90 da hotuna 300, kowane hoto digiri 0.3 ne rabonsa, motsin da ido ba ya kamawa. A gudun 25, bidiyon daƙiƙa 12 kacal zai fito, ko da an yi awa guda ana ɗauka. In aka zaɓi juyi mai faɗi da yawa, bidiyon yakan fito yana sa jiri.

Mafi arha shi ne agogon kicin da ake murɗawa, irin na kamfanin kayan gida IKEA, wanda masu ƙaramar kyamarar GoPro suka daɗe suna manna wa kyamara a ka. Yana zagaye ɗaya a minti 60, wato digiri 6 a minti, ba a rage masa gudu, kuma gefe ɗaya yake bi. Masu tsada, kamar Genie Mini na kamfanin Syrp na New Zealand, ta manhajar waya ake saita su.

Da dare ake gane bambancinsu. Hoton taurari kan bukaci a bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 25, kuma ko yaya ta motsa a lokacin, hoton ya dushe. Shi ya sa na'urorin kirki ke tsayawa cik a ɗauki hoto, su gusa, su sake tsayawa. Agogon kicin bai san tsayawa ba.

Kafin a fara, sai an daidaita mazaunin sosai. In ya karkata ko kaɗan, sararin samaniya zai riƙa kifewa yayin juyawa. Haske da saitin nesa kuma da hannu ake kulle su, don in an bar wa kyamara zaɓi, bidiyon zai riƙa ƙyaftawa. Sanyi na saurin cinye batir.