Gano Matsalar Wuta a Amfilifayar Mota

Amfilifayar mota na'ura ce da ke karɓar ƙaramin sauti daga rediyo, ta ƙara masa ƙarfi kafin ya isa sifika. A karkarar Kano da Jigawa an fi ganinta a motocin masu tallan magani da ke bin kasuwanni, irin ta Wudil ran Juma'a da ta Maigatari ran Alhamis, da motocin shela da na kamfe. Sau da yawa abin da ake kai wa mai rewaya da sunan "ta ƙone" lafiyarta ƙalau, wayoyin ne ke da laifi. Shi ya sa ba a kwance murfinta sai an gama auna wutar da ke shigarta.

Wayoyi uku ke tayar da ita: babbar wayar fositif daga batir, wayar negatif da ake ɗaurewa a bodi, da siririyar wayar rimot, galibi shuɗiya, wadda ke kawo wuta daga rediyo idan an kunna ta. A jikin na'urar, inda kowace waya ke shiga, an rubuta +12V, GND da REM bi da bi. Ana saita mitar auna wuta a DC, wato irin wutar batir, a auna a bakin amfilifayar, ba a kan batir kaɗai ba. Batir mai cika yana nuna wajen bolt 12.6 idan inji a kashe yake, in yana aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. In babu komai a +12V, a duba fiyus ɗin da ke kusa da batir, wanda bai kamata ya yi nisan da ya wuce santimita 45 daga kan batir ba. In akwai wuta a nan amma babu a REM, a haɗa +12V da REM da guntuwar waya na ɗan lokaci. Ta tashi? To matsalar tana rediyo ko wayar rimot.

Wayar bodi ita ce ta fi ba da wahala, domin mita tana iya nuna 12 cif alhali mahaɗar ta lalace. Wutar da mita ke ja kaɗan ce ƙwarai, ko ta kan tsatsa za ta wuce. Sai an ƙure sauti, amfilifaya ta nemi amfiya 30 ko 40, sannan wutar ta faɗi, na'urar ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Don haka a auna wutar a lokacin da sauti ke tashi. Aka ga bambancin da ya wuce rabin bolt tsakanin kan batir da bakin amfilifaya, akwai inda wuta ke maƙalewa. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti da washa, wayar ta zama gajeriya, kaurinta daidai da na fositif. Hanyar burji tana kwance noti, ruwan damina da ke kwanciya a but kuma yana cin mahaɗa. Akwai kuma waya mai araha da cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ba ta ɗaukar wuta kamar tsantsar jan ƙarfe, tana zafi.

Jar fitila mai alamar PROTECT na nufin na'urar ta kare kanta. A kashe, a cire duk wayoyin sifika da na RCA, wato masu kawo sauti daga rediyo, a sake kunnawa. In fitilar ta mutu, laifin yana waje. Sai a mayar da mita kan om, ma'aunin turjiya ga wuta, a auna kowace sifika: mai om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, in ta nuna kusan sifili ta yi shot, ko wayarta ta goge tana taɓa bodi. A motar da ke dakon hatsi, ɓera ma yana da hannu a nan. Masu talla kan jera sifiku da yawa a layi ɗaya don murya ta kai ƙarshen kasuwa, amma biyu masu om 4 da aka haɗa kai da kai, fositif da fositif, negatif da negatif, sun koma om 2, huɗu sun koma 1, kuma ba kowace amfilifaya ke jure wannan ba. Wadda ke aiki rabin awa sannan ta ɗauke, zafi ne: ranar bazara a but rufaffe, ga ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin da ke fitar da zafi. Haka in an daɗe ana shela da inji a kashe, batir ya sauka ƙasa da bolt 11, wasu sukan ɗauke.

Kukan da ke ƙara siriri in an taka totur daga altaneta, mai cajin batir, yake shiga. Maganinsa gyara wayar bodi, da raba hanya: wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, ta RCA ta bi ɗaya gefen.

In fitilar ta ƙi mutuwa bayan an cire komai, ko fiyus ɗin jikinta yana tsinkewa nan take, laifin yana ciki, galibi taransistocin da ke ɗaga wuta ko na fitar da sauti ne suka yi shot. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, kuma ana samun kayan a Sabon Gari, Kano. Ana canza duka na layin tare, ba wadda ta ƙone kaɗai ba. Abin da wasu ke yi na naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus ganganci ne. Babbar wayar nan in ta taɓa bodi ba fiyus, ja take yi ta kama kafet. Kafin a taɓa kowace waya, a fara cire kan batir na negatif.