Waiwaye: Amanar Wa Ke Wuyan Shugaban Kamfani?

A watan Satumban 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a jaridar New York Times cewa nauyi ɗaya ne a kan kamfani: ya ƙara riba, muddin bai karya doka ko ya yi yaudara ba. A ganinsa shugaban kamfani yaron masu hannun jari ne. In ya ɗebi kuɗinsu ya yi wa jama'a alheri, ya yi kyauta ne da kayan da ba nasa ba. Wannan ra'ayi ya daɗe yana cin karensa babu babbaka a Amurka.

Sai ga 1982. Mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Ba laifin mai yin maganin wato kamfanin Johnson & Johnson ba ne, amma shugabansa James Burke ya sa aka janye kwalabe miliyan 31 daga kasuwa, asarar da ta kai kusan dala miliyan 100. Mutane suka ga gaskiyarsa, suka koma sayen maganin. A 1984 wani masani, Edward Freeman, ya fito da hujjar cewa ma'aikaci da mai saye da garin da kamfani ke zaune duk suna da haƙƙi a wuyan shugaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka. Kamfanin yana da kundin ɗa'a mai shafi 64, alhali shugabanninsa na ɓoye basussuka suna nuna ribar ƙarya. Da asiri ya tonu a ƙarshen 2001, dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu. Shi ya sa dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta tilasta wa shugaba ya sa hannu da kansa cewa lissafin kamfaninsa gaskiya ne.

Mu ma mun ɗanɗana. A Agustan 2009 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna 5, aka zuba naira biliyan 420 don kada ajiyar talakawa ta salwanta.

A 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka sa hannu cewa sun bar layin Friedman, yanzu kowa nasu ne. Sai dai sanarwa ce kawai, babu hukuncin da ta tanada ga wanda ya saɓa.