Tuntuɓar ma'aikata da sandika kafin rufe gidan tsare yara ko sauya masa wuri

Tuntuɓar ma'aikata da sandika hanya ce da hukuma ke bi don jin ta bakin masu aiki a gidan tsare yara da ƙungiyoyin ƙwadagonsu, wato sandika, kafin ta rufe gidan ko ta kwashe yaran zuwa wani gari. Nauyin zancen duka yana kan kalmar "kafin". In an gama yanke shawara sannan aka tara ma'aikata, sanarwa ce kawai aka yi musu.

Tushen doka

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanadi ƴancin kafa sandika a yarjejeniya mai lamba 87 ta 1948, da ƴancin zama teburin sulhu a mai lamba 98 ta 1949. Nijar ta amince da su biyun. Yarjejeniya ta 158 ta 1982 ta fi kusa da batun: sashe na 13 ya ce mai ɗaukar aiki da ke shirin sallamar mutane saboda sauyin tsari ya sanar da wakilansu da wuri, ya faɗi dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a kuma tattauna yadda za a kauce wa sallamar ko a rage raɗaɗinta. A cikin gida akwai kundin dokokin ƙwadago na 2012, sai dai ma'aikatan gwamnati na dindindin suna ƙarƙashin dokarsu ta dabam.

A ɓangaren yara kuwa, sashe na 37 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ya ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe, a raba shi da manyan fursunoni, kada kuma a yanke shi da iyalinsa. Ƙa'idojin Havana na 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara don kare yaran da ke tsare, sun ƙara da cewa gidajen su zama ƙanana, a warwatse cikin ƙasa, don iyaye su iya zuwa.

Yadda abin yake a Damagaram

A Nijar ma'aikatar shari'a ce ke da gidajen kaso, ƴan gardi ke gadinsu, alƙalin yara kuma ke riƙe da shari'ar waɗanda ba su kai 18 ba. Galibi ana ware wa yara sashe a cikin gidan kason manya. Akwai kuma cibiyar gyaran hali ta Dakoro a jihar Maradi.

Nan ake samun giɓi. Ɗan gardi mai kaki ne, ba shi da sandika, kuma sashe na 9 na yarjejeniya ta 87 ya bar wa kowace ƙasa batun sojoji da ƴan sanda. Alhali shi ne ke kwana da yaran, shi ya san wanda ya daina cin abinci da wanda ba a haɗa shi ɗaki da wane. Malaman tarbiyya, ma'aikatan jin ƙai, malamin asibiti, mai koyar da ɗinki ko kafinta, su suna iya kai kuka ta hannun sandikarsu zuwa manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa irin su USTN da CDTN. Mai dafa abinci da mai shara, waɗanda sau da yawa ƴan kwantiragi ne, su ake fara mantawa, su ne kuma aikinsu ke fara salwanta. Tuntuɓar da ta tsaya kan masu katin sandika ta bar rabin gidan a waje.

Nisa ma babban lamari ne. Daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Uwar da ke fitowa daga unguwar Birni ko Garin Malam a cikin Zinder da kwanon tuwo ɗaure a ƙyalle, ta miƙa a bakin ƙofa a duba, ta ga ɗanta ko na ɗan lokaci, ba ta da kuɗin motar bin sa wata jiha. Wadda ke zuwa daga Magarya ko Gure ranar kasuwa, dama da ƙyar take isowa. Ma'aikatan da ke karɓar kwanon nan kullum su suka san wane yaro ne zai rasa mai ziyara, kuma wannan sani ba ya cikin takardun ofis. Su ma sauyin ya shafe su: hayar gida a sabon gari, lakwal ɗin ƴaƴa a tsakiyar shekara, tsohuwar da ake jinya a gida.

Abin da ake tattaunawa

Zaman farko na bayanin dalili ne, ko ginin ya tsufa, ko cunkoso, ko ƙarancin kuɗi, tare da ba wakilai takardu da lokacin komawa ga ƴan uwansu. Daga nan a shiga maganar wanda zai bi yaran, wanda za a sauya wa aiki a cikin gari, kuɗin ƙaura, da haƙƙin wanda za a sallama, inda sufeton ƙwadago kan sa baki a batun ƴan kwantiragi. Ana kuma tsayar da ranar tashi yadda ba za ta faɗa kan zaman kotu ba, a sanar da iyaye da lauyoyi, a miƙa takardun kowane yaro da bayanin maganin da yake sha hannu da hannu ga wanda zai karɓe shi.